Inda Ƙafa Ke Iya Takawa: Wurno, Rabah da Goronyo

Wurno da Rabah da Goronyo ƙananan hukumomi uku ne maƙwabtan juna a gabashin Jihar Sakkwato, kuma gulabe biyu ne suka tsara zamansu. Gulbin Rima ya gangaro daga arewa maso gabas, ya ratsa ƙasar Goronyo, ya bi ta gindin Wurno. Gulbin Sakkwato kuwa ya biyo ta Gusau ya wuce ta Rabah, su biyun suka haɗu kusa da birnin Shehu. Tsakaninsu tudu ne na gero da dawa da wake, a bakinsu kuma fadama ce ta shinkafa da albasa da tafarnuwa. A wannan yanki kowane wuri yana da mai shiga kai tsaye, da mai neman izini, da wanda ba ya taka shi sam. Ma'auni na farko shi ne ko mutum namiji ne ko mace, amma shekaru da aure da sarauta da dukiya, a da can kuma 'yanci ko bauta, duk suna sa hannu a rabon. Iyakar da ke tsakanin ciki da waje ba ta taɓa zama wuri ɗaya ba. Duk lokacin da iko ya sauya hannu a wannan kwari, sai ta matsa.

Matafiyin da ya fito daga Sakkwato ya nufi Wurno zai fara ganin rabon tun a tasha. Kujerar gaba ta maza ce, mata kuma a jera su a baya, a sa yaro ko kaya tsakaninsu da namijin da ba muharrami ba. A kan hanya akwai 'yan kabu-kabu, da samari masu kora jakuna, da raƙuma ɗauke da buhuna. Akwai matan Fulani da ƙoren nono a ka, da tsofaffi masu ɗaurin itace, da 'yan mata masu faranti na talla. Matar aure mai ƙuruciya ce kaɗai ba a cika gani a ƙasa ba. Idan an gan ta, tana cikin mota ko bayan babur, lulluɓe da hijabi, kuma akwai dalili: asibiti, ko gaisuwar rasuwa, ko suna. A kasuwar Achida, wadda ke kan wannan hanya, karar shanu da ta tumaki wurin dillalai ne da mahauta da fatake. Rumfunan hatsi da na tufafi ma na maza ne. Mata suna gefe, a ƙasa, kan buhun da aka shimfiɗa: mai daddawa, mai kuka da busasshiyar kuɓewa, mai fura da nono. Kusan dukansu sun manyanta, ko zawarawa ne, ko daga ruga suka fito.

Wurno tana kan tudun dutse, tana kallon fadamar Rima daga sama, kuma da gangan aka zaɓi wurin. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ta wajen 1830 a matsayin ribaɗi, wato garin tsaro a bakin iyaka, saboda hare-haren Gobirawa da Abzinawa daga arewa da gabas. Ya mai da ita mazauninsa, a nan ya rasu a 1837, a nan kuma hubbarensa yake. Ɗansa Aliyu Babba, wanda ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859, shi ma a Wurno ya zauna, kuma a zamaninsa ne Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka a garin a 1853. Uban ƙasar Wurno shi ne Sarkin Sudan. Marigayi Shehu Malami, wanda ya wakilci Najeriya a Afirka ta Kudu, ya daɗe da wannan rawani. Wannan shi ne tarihin da baƙo zai ji a zaure da ƙofar masallaci: jerin sarakuna, da yaƙe-yaƙe, da ganuwa da ƙofofinta. Gaskiya ne, amma rabi ne. Baƙin Turawan wancan zamani da suka rubuta labarin garin maza ne, kuma ƙafarsu ba ta wuce zaure ba, don haka abin da ke bayan zauren bai shiga littattafansu ba.

Ribaɗi ba ya tsayuwa da mayaƙa kaɗai. Sai da masu ɗebo ruwa daga gulbi su hau tudu da shi, da masu daka da niƙa, da masu kaɗin auduga, da masu haihuwa da reno. Da yawa daga cikin matan da suka yi wannan aiki a Wurno kamammun yaƙi ne. Bayan faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808, Katambale matar Sarkin Gobir Yunfa ta shiga gidan Bello, ta haifa masa 'ya'ya, cikinsu har da Fodiyo wanda daga baya aka ba riƙon wani ribaɗi. Mahaifiyar Aliyu Babba ma, Ladi, ƙwarƙwara ce. Ke nan a cikin ganuwa ɗaya akwai mata iri uku aƙalla: matan aure 'yantattu na gidajen malamai da sarakuna, waɗanda suke tsare, ƙwaraƙwarai, waɗanda su ma suke tsare, kuma ɗansu zai iya hawa gadon sarauta, sai kuyangi, waɗanda suke zuwa gulbi da gona da kasuwa da rana tsaka. A wancan zamani fita alamar ƙarancin daraja ce. Macen da ba ta taka waje tana nuna cewa akwai wata da ke takawa a madadinta.

Tsarin gida a tsofaffin unguwannin Wurno yana nan kusan yadda yake, ko da an sauya jar ƙasa da bulo, an sauya azara da kwano. Zaure ne farko, kuma ƙofarsa ta ciki ba ta saitin ta waje, don kada idon mai wucewa ya zarce. A nan maigida ke karɓar baƙi, a nan ake cin tuwon dare da maƙwabta, a nan malami ke ba da karatu. Bayan zaure akwai ɗan fili, wani lokaci da ɗakin samari ko turken awaki, sannan shigifa, sannan cikin gida: ɗakunan mata, da turaka, da rumbu, da murhu, da turmi. A bangon wasu gidajen an rubuta "Ba shiga" da gawayi ko fenti. Baƙo namiji yakan tsaya a waje ya yi sallama, sai yaro ya leƙo, ya koma da gudu yana cewa, "Inna, wai ana sallama da Baba." Amsar da za ta fito daga bakin yaron ce kaɗai rabon baƙon da cikin gidan.

Kuskure ne a ɗauka cewa cikin gida wurin rashin iko ne. Da zarar maigida ya fita da safe, tsakar gida ta koma hannun uwargida. Ita ke rabon aiki tsakanin kishiyoyi da surukai, ita ke sanin abin da ya rage a rumbu, kuma namijin da ya cika zama a ciki da rana ba ya rasa mai yi masa tsegumi. A nan ne kuma ake wata kasuwa da ba ta da rumfa: fura da ƙosai da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da ɗinkin hula da saƙar faifai. Kuɗin na matar ne, miji ba shi da hurumi a ciki, kuma da shi ake adashi da biki da tara wa ɗiya kayan ɗaki. Yarinya ce ƙafar wannan kasuwa. Ita ke kai kaya, ta karɓo bashi, ta dawo da labarin farashi da na gari. Masu bincike irin su Polly Hill a Batagarawa da Enid Schildkrout a Kano sun bayyana wannan ciniki tun shekarun 1960 da 1970, kuma abin da suka gani ya yi daidai da na kwarin Rima. Amma wanda ke biyan kuɗin tsarin ita ce yarinyar, domin sa'o'in talla su ne sa'o'in makaranta. Bayan lisha kuwa lungunan da maza suka cika da rana sukan koma na mata: biyu-biyu, uku-uku, da tocila da yaro a gaba, ana zuwa barka ko dubiya. Lungu ɗaya ne, amma mai shi ya danganta da lokaci.

Babban abin da ya bambanta wannan yanki da sauran ƙasar Hausa shi ne hanyar da mata suka buɗe wa kansu ta ilimi. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya soki malaman da ke karantar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, ya kuma rubuta littafi guda a kan hukuncin fitar mata. Tun yana yawon wa'azi a Zamfara wani malami, Mustafa Gwani, ya zarge shi da tara maza da mata a majalisi ɗaya, ƙanensa Abdullahi ya mayar da amsa cewa barin mata cikin jahilci shi ne mafi muni. Ɗiyar Shehu, Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, ita ta mai da wannan matsayi tsari. Matar Waziri Giɗaɗo ce, kuma zamanta ya kasu tsakanin Sakkwato da Wurno, gwargwadon inda fada take. Ta rubuta waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa 'Yan Taru. Kowane ayari na 'Yan Taru yana da jaji, mace dattijuwa amintacciya daga ƙauye, wadda Asma'u ke naɗa wa malfa da jan rawani. Jaji takan jagoranci mata su yi tafiyar ƙafa, wani lokaci ta kwanaki, ɗauke da hatsi da zuma da man shanu da zane na sadaka. Su zauna gaban malama su koyi tsarki da salla da tauhidi da tarihin Manzo a waƙe, su haddace, su koma gida su koyar.

Zaɓen malfa ba na banza ba ne. A Gobir, malfa tana cikin kayan Inna, 'yar gidan sarauta mai babban matsayi a fada, wadda ke shugabantar mata da 'yan bori. Matan da aka kamo daga Gobir, da na ƙauyukan da aka ci da yaƙi, sun san abin da malfa ke nufi a kan mace. Asma'u ta ɗauki alamar ikon da suka sani ta ɗora a kan mai karantarwa. Haka kuma ta lura da wa zai iya bin hanya ba tare da an yi magana ba: tsofaffin da suka wuce haihuwa, da 'yan matan da ba su kai aure ba. Matan aure masu ƙuruciya suna gida, karatu ya same su a tsakar gida ta bakin waɗanda suka dawo. Tsarin bai rushe kulle ba, bai ma yi niyyar haka ba, amma ya huda masa hanya wadda babu mijin da zai tare ba tare da ya ji kunya ba, tunda ɗiyar Shehu ce ta yi kiran. Wannan hikima ta cancanci a riƙa ambatonta tare da ganuwar Wurno. Asma'u ta yi wa ɗaya daga cikin jajinta, Hauwa'u, waƙar ta'aziyya, abin da ya sa sunan wata baƙauyiya ya tsira tare da na sarakuna. Bayan rasuwar Asma'u a 1864 ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin, kuma Jean Boyd, wadda ta tattara tarihin a ƙarni na 20 da taimakon Waziri Junaidu, ta tarar ayarin bai yanke ba. Har yau dattawan mata na zuwa ziyara hubbaren Bello a ƙungiya, su yi addu'a, su raba sadaka, su juya.

Daga saman tudun Wurno ana hango fadama, inda dam ɗin Lugu ke ba da ruwan noman rani. Masu dashen shinkafa da ban ruwan albasa da tafarnuwa kusan duk maza ne, kuma ba haka abin yake tun asali ba. A ƙarni na 19 bayi mata suna noma a gandayen manya. Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, dokarsu ta ce duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, sannan a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya. Matan da suka sami 'yanci suka yar da fartanya suka shiga gida, domin a idonsu aikin gona shi ne tambarin bauta, zaman ɗaki kuma na 'ya'ya ne. M. G. Smith ya bayyana wannan sauyi a ƙasar Zazzau, kuma ya faru a wurare da dama na Arewa. Ta haka kulle, wanda a da na gidajen malamai da sarakuna da attajirai ne, ya bazu zuwa gidan talaka, ya zama abin da ƙaramin manomi ke nuna rufin asirinsa da shi.

Rabah tana kudu da Wurno, a bakin gulbin Sakkwato, kuma sunanta a duniya ya rataya ga mutum ɗaya. Abubakar Atiku na Rabah, ɗan Bello, ya riƙe garin kafin ya zama Sarkin Musulmi daga 1873 zuwa 1877. Jikansa Ahmadu, ɗan Sarkin Rabah Ibrahim, an haife shi a nan a 1910. Ya yi karatu a Sakkwato, ya wuce Kwalejin Katsina ya gama a 1931, ya koyar, ya dawo ya zama uban ƙasar Rabah a 1934. Aka naɗa shi Sardauna a 1938, ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954. Hanyarsa ta tashi daga wannan gari ta bi Katsina da Gusau da Kaduna har Landan da Makka. Ɗiya mace da aka haifa a gida ɗaya da shi a shekara ɗaya ba ta da irin wannan hanya. Tata ta tashi daga gidan uba zuwa gidan miji. Uwargidan Sardauna, Hafsatu, ɗiyar Wazirin Sakkwato Maccido, ta zuriyar Giɗaɗo, ta yi zamanta a cikin gida duk tsawon mulkinsa, kuma jama'a da yawa ba su san sunanta ba sai daren 15 ga Janairu 1966, da sojoji suka kashe su tare a Kaduna. Sai a 1995 Ladi Adamu ta fitar da littafi a kan rayuwarta.

Zamanin Sardauna ya kawo sabon wuri da aka yi jayayya a kansa, wato rumfar zaɓe. Matan kudancin Najeriya sun jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya na 1959, amma jam'iyyar Sardauna, NPC, ta tsaya a kan cewa lokacin matan Arewa bai yi ba. NEPU ta Malam Aminu Kano ta ce ya yi, kuma Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a kan wannan da makamantansa. Sai a 1976 matan Arewa suka sami ƙuri'a. Yau ranar zaɓe a Rabah layi biyu ake yi, kuma na mata ba ya gajarta. 'Yan siyasa sun san haka, shi ya sa suke aika atamfa da sabulu cikin gidaje ta hannun shugabannin mata. Amma sakatariyar ƙaramar hukuma, da majalisar uban ƙasa, da zaman sasanta rikicin gona, har yanzu kusan duk wuraren maza ne. A Rabah aka kafa kwalejin 'yan mata ta gwamnati, ta kwana, wadda ta yaye malamai da ma'aikatan jinya masu yawa. Iyaye da dama sun yarda da ita ne saboda tana da katanga da ƙofa da mai gadi, wato ta yi kama da gida mai zaure. Yarinya ta fita daga gidan ubanta ba tare da ta shiga waje ba.

A rugagen da ke kewaye da Rabah lissafin daban ne. Ruga ba ta da zaure. Nono na mace ne, ita ke kai shi gari, ta shiga gidajen da mijinta ba zai taɓa shiga ba, ta san matan gari da sunayensu. Shekaru aru-aru ita ce mahaɗa tsakanin makiyayi da manomi, kuma rikicin 'yan bindiga na shekarun nan ya rage wannan zirga-zirga ƙwarai, saboda tsoro da zargi daga kowane ɓangare.

Daga nan sai a koma hanyar Rima a nufi Goronyo, bakin tsohuwar ƙasar Gobir wadda ta miƙa har Sabon Birni da Isa, ta tsallaka zuwa Tsibiri a Jamhuriyar Nijar, inda sarautar Inna take har yanzu. Abin da ya mamaye ido a Goronyo shi ne dam. An gama gina shi a 1984, tsawonsa ya kai kilomita 12 da rabi, yana iya riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900, kuma yana hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Daga shi birnin Sakkwato ke samun mafi yawan ruwan shansa. Dam ya zo da wani sabon mai iko a kan ƙasa: takarda. Kafin shi, gulbi ke cika ya janye, kowane gida ya san fadamarsa, hakimi da dattawa su ne shaidu. Bayan shi aka auna filaye, aka yanka su, aka ja magudanai, aka rubuta sunaye, kuma sunan da ake rubutawa na maigida ne. Shari'a ta ba ɗiya rabin kason ɗa namiji, ta ba matar mamaci sumuni idan akwai 'ya'ya, rubu'i idan babu. Ke nan mata da yawa suna da gona a hukunce. Amma a aikace gonar takan zauna hannun yaya ko ƙane, ya noma, ya aiko mata da abin da ya ga dama, ita kuma ta yi shiru don kada zumunci ya lalace, tunda gidansa ne mafakarta idan aure ya mutu. Taron ƙungiyar masu amfani da ruwa, inda ake yanke ranar da za a buɗe wa kowa magudana da kuɗin da zai biya, a ofis ake yinsa ko gindin bishiya, wuraren da matar aure ba ta zama. Idan aka zo rabon taki ko diyyar ambaliya, irin wadda ta cinye garuruwa da gonaki a kwarin Rima a watan Satumba na 2010, sunan da ke takarda shi ake kira.

Duk da haka shinkafar Goronyo ba ta isa kasuwa sai ta bi ta hannun mata. Ana kai buhun shanshera cikin gida, a jiƙa shi, a turara a babbar tukunya ko rabin duro, a baza a tsakar gida ana kora kaji, a juya da ƙafa har ta bushe, sannan yaro ya kai inji. Mai gumi ta san da ido lokacin da ƙwaya ta fashe daidai, kuma daga hannunta ne shinkafa ke samun farashinta. A bakin gona kuwa zawarawa da tsofaffi ne ke shiƙa da tsinkar barkono a biya su da kwano ko 'yan kuɗi, su yi kala bayan an kwashe. Kamar a zamanin ribaɗi, macen da ake gani a fili da rana ita ce wadda ba ta da mai ɗauke mata.

Iko na baya-bayan nan da ya sake zana wannan ƙasa shi ne na 'yan bindiga. A watan Yuli na 2018 suka afka wa Tabanni a gundumar Gandi ta Rabah, suka kashe mutane da dama, waɗanda suka tsira suka kwarara Gandi, aka tsugunar da su a makaranta. Gwamnatin jiha ta rufe makarantun kwana da ke yankunan da ake fargaba, a 2021 kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14. Ranar Lahadi 17 ga Oktoba na wannan shekara, ranar kasuwar Goronyo, aka buɗe wuta a kan masu ciniki, gwamnati ta ce mutum 43 suka mutu. Tun daga nan dajin Gundumi da hanyoyin da ke ratsa shi suka zama wuraren da ake ambata da sassauta murya. Bala'in bai faɗa wa maza da mata iri ɗaya ba. Namiji ake nema a kashe ko a ɗaure, don haka a ƙauyuka da yawa maza kan kwana a jeji ko su gudu birni. Mace kuma ana sace ta don kuɗin fansa, ana keta mutuncinta, kuma idan ta dawo takan tarar da wani nauyin a bakin mutane. Katangar da aka gina don tsare ta daga idon baƙo ba ta tsare ta daga mai bindiga. Bayan gari, inda tsofaffi ke itace da tafasa da ganyen miya, ya rufu. Gona kuma sai an biya harajin da 'yan bindiga suka yanka kafin a shuka, a sake biya kafin a girbe.

Sakamakon haka matan da suka shekara ashirin ba su taka kasuwa ba yanzu suna kwana a aji ɗaya da iyalai huɗu ko biyar, zane ne kaɗai aka rataya tsakani, babu zaure, babu shigifa. Wasu kan shigo Goronyo ko Rabah ko Wurno da yamma su kwana a kango ko barandar shago, su koma ƙauye da safe. Wasu sun zarce Sakkwato suna wankau da surfe a gidajen mutane, ko suna bara a bakin titi, abin da a da za su gwammace mutuwa da shi. A wuraren rabon agaji sau da yawa sunan mace ake rubutawa a matsayin shugabar iyali, domin mijin ya mutu, ko yana hannun masu garkuwa, ko ba a san inda yake ba, kuma wannan ne karo na farko da wasunsu suka ga sunansu a takardar hukuma. Amma maganar ko za a koma gida, da yaushe, da sharaɗin da za a karɓa, a fadar uban ƙasa ake yinta, da ofishin jami'an tsaro, wani lokaci kuma a bakin daji tsakanin wakilan gari da masu bindiga. A irin wannan zama ba a gayyatar mata, alhali su da yara ne mafi yawa a cikin waɗanda aka raba da gidajensu, kuma su ne za su koma su tarar da rumbun da aka ƙone da gonar marayu da ke jiran a raba.